In'inar Anwar

Shafa'atu tana zaune a tsakar gidansu da ke Zongon Parakou tana feraye doya, sai ga mahaifinta Alhaji Massaoudou, dillalin shanu, ya yi sallama ya shigo. Tun safe ta san baffannin saurayinta Anwar sun zo nema masa aurenta.

"Na sallame su," in ji shi, ko kallonta bai yi ba. "Na ce su yi haƙuri."

Mahaifiyarta Inna Sauda ta fito daga madafa da sauri. "Haba Alhaji, me yaron nan ya yi? Ga salla, ga ladabi..."

"Ban ce ɓarawo ba ne! Amma mu da baki muke ci. Na gwada shi a kasuwar shanu, kafin ya gama faɗin 'albarka' mai saye ya kai unguwar Kpébié! Mai in'ina irin wannan, da me zai riƙe mini 'ya?"

Shafa'atu ta durƙusa, hawaye na zuba. "Baba, pardon, ai ba shi ya yi kansa ba."

"Tashi ki ba ni wuri!"

Kafin kwana uku maganar ta zagaye Zongo, mahauta da dillalai suna maimaita ta suna dariya. A kwana na bakwai Anwar ya hau mota sai Djougou. Saƙo ɗaya ya turo mata a waya: "Sai na zama mutum." Daga baya ta ji ya shiga wata lakwal, wato makaranta, yana koyon kiwon lafiyar dabbobi, yana fita rugagen Kolokondé aikin gwaji.

Shekara ta zagayo. Manema biyu suka zo, ta ba su haƙuri. Yayyenta suka sa ta gaba da gori, Alhaji kuwa ya yi wata huɗu ba ya amsa gaisuwarta. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, amma kullum da safe sai ta je ta durƙusa ta gaishe shi.

Da damina aka yi haihuwa a gidan Gwaggo Iyatu, ƙanwar Alhaji da ke aure a Djougou, aka tura Shafa'atu suna. Washegari Anwar ya zo gaisuwa. Da ta leƙa zaure sai ta yi turus. Ya rame, idanu sun faɗa, riga ta yi masa yawa.

"Innalillahi! Anwar, kai ne haka?"

Ya sunkuyar da kai. "Sha... Shafa, na fa-faɗi jarrabawa."

A hankali, da ƙyar, ya ba ta labari. A barandar wani shago yake kwana. Sau ɗaya yake cin abinci, wata rana ma ya manta. Duk lokacin da ya buɗe littafi, muryar Alhaji yake ji da dariyar 'yan kasuwa, sai ƙirjinsa ya ɗauki zafi, ya yi ta karatu amma ba abin da ke zama.

Ta shiga ciki ta fito da kwanon sakwara da miya ta ajiye a gabansa.

"Ci tukuna."

Sai da ya cinye tas, sannan ta ce, "Tun kana Parakou, in saniya ba ta da lafiya kai kake fara ganewa, kana shafa wuyanta kamar 'yarka. Wannan Anwar ɗin na so. Yanzu don ka kunyata Baba kake karatu, shi ya sa yake ƙona ka. Ka yi don dabbobin nan, ka yi don ni. Ni a wurina ka daɗe da zama mutum."

Hawaye suka cika masa ido. Gwaggo Iyatu, wadda ta ji komai daga bayan labule, ta fito tana gyara mayafi.

"Ɗan nan, ga ɗakin ƙofar gida ba kowa. Ka kwaso kayanka yau. Da ɗan'uwana kuma, ni na san yadda zan yi."

Daga nan al'amura suka sauya. Ya samu wurin kwana da tuwo mai zafi, ya kuma san akwai mai jiransa. Bayan shekara biyu ya karɓi diplom ɗinsa.

Wata Laraba, bisa shawarar Gwaggo Iyatu, Alhaji Massaoudou ya je sayen shanu Djougou, ya dawo da la'asar jiki a sanyaye. Ya zauna kan tabarma ya kira Shafa'atu da mahaifiyarta.

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba," in ji shi. "Fulani sun fi talatin, sun kewaye mutum ɗaya yana yi musu bayanin ciwon huhun shanu. Na kutsa, sai na ga yaron nan ne. In'inar tana nan yadda na san ta. Amma in kalma ta maƙale masa, wallahi ba mai ko tari, jira suke har ta fito. Shekarata arba'in ina surutu a kasuwa, ba a taɓa saurarona haka ba."

Ya share fuska da hannun riga.

"Da ya gan ni, sai ya cire takalmi ya durƙusa a gaban jama'a. Na zalunce shi, Shafa'atu, ke ma na zalunce ki. Ki yafe mini. A ce wa baffanninsa su dawo."

Ta kifa kai a cinyar Inna Sauda ta fashe da kuka. "Baba, ba ka yi mini komai ba!"

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a masallacin unguwa, aka kai amarya Djougou.

Ɗan'adam ba ya kai gaci da yunwa a ciki da wulakanci a zuci. Haushi yana iya tayar da mutum tsaye, amma ba ya riƙe shi a hanya. Abinci, da makwanci, da wanda ya yarda da shi, su suke yin wannan. Iyaye kuma su yi hattara da harshensu a kan halittar da Allah Ya yi wa bawanSa.