Makullin da Aka Ba Auta

"Ni ne, ranki ya daɗe. Ni na kaɗe shi."

"Sau uku ke nan kana faɗa, Baba," in ji Sufeto. "Ni kuwa ban ma tambaye ka ba tukuna."

Tsohon direban ya sunkuyar da kai, ankwa a hannunsa. Da ƙafarsa ya kawo kansa caji ofis, awa biyu bayan wata baƙar mota ta yi ciki da mai faci a bakin titi ta gudu. Mai facin bai kai asibiti da rai ba.

Da wani ne, da tuni ya rufe fayil ya tafi cin abinci. Amma ba a banza 'yan ofis suke kiran wannan baiwar Allah Ruwan Sanyi ba. Ba ta tsawa, ba ta dukan tebur. Kallo kawai take yi, irin kallon da uwa ke yi wa ɗan da ya ce bai taɓa sukari ba alhali ga shi a leɓensa.

"Shekara nawa kana tuƙi?"

"Talatin da ɗaya."

"Ka taɓa kaɗe wani?"

"Ko kaza ban taɓa takewa ba!" Idonsa ya yi haske, sai kuma ya tuna inda yake.

"Yau ka taka birki?"

"Na taka."

Sufeto ta rufe littafinta. Da kanta ta auna titin nan taku-taku, babu sawun birki ko ɗaya.

A barandar asibiti ta sami matar mamacin, yarinya ɗanya shar, da ciki ya fara turo riga. Wata bakwai da aurensu. Har yanzu tana rungume da kwanon karin kumallon da ta kai masa.

"Ƙanwata, kin ga mai tuƙin?"

"Gilashin baƙi ne, Yaya. Kiɗa na fara ji, har ƙasa tana rawa. Mijina ya ɗago yana min dariya, ya ce, 'Amarya, yau kin makara.' Shi ke nan abin da ya ce."

Sufeto ta riƙe hannunta har kukan ya lafa. Wanda ya ce kaki yana busar da zuciya, bai ga idon matar nan a ranar ba.

Da ta koma ofis ta karɓi wayar Baba. 'Yar ƙarama ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba.

"Saje, fito da shi. Gidan ubangidansa za mu."

Alhaji, babban ɗan kwangila, ya tarbe su da fara'a har da lemo mai sanyi. Motar tana rumfa, an wanke ta fes, sai dai fitilar dama a fashe.

"Tsautsayi ne, Sufeto. Tsufa ya kama Baba, na sha faɗa masa ya huta."

"Wa kuma yake taɓa motar?"

"Babu. Ni ina da tawa."

"Yaran gida fa?"

"Auta ne kaɗai a gabana, shekararsa sha shida. Ko giyar mota bai sani ba. Yau ma zazzaɓi ya hana shi makaranta."

"Allah ya sawwaƙe. A kira min shi in yi masa sannu."

Auta ya fito yana jan ƙafa, dogo, kyakkyawa, hannunsa ɗaya a aljihu. Bai yarda ya kalli Baba ba.

Sufeto ta karɓi makulli, ta shiga ta zauna, ta tayar da motar. Sannan ta naɗe hannu tana jira.

"Me ake jira ne?" in ji Alhaji.

Bai rufe baki ba kiɗa ya fashe, har ƙofar rumfar tana karkarwa. Daga tsakiyar waƙa ya ɗauko, daidai inda aka katse shi.

"Rediyon motar nan da kansa yake kama wayar da aka haɗa masa ta ƙarshe," in ji ta, bayan ta rage ƙarar kiɗan. "Ta Baba tana jakata, kuma ko hoto ba ta ɗauka. Auta, fito da hannunka."

Wayar tana haske a tafin yaron. 

"Waƙa nake canzawa! Wallahi ɗan kallo ɗaya na yi, ban gan shi ba!"

"Rufe min baki!" Alhaji ya daka tsawa.

"Abba, in na rufe ido shi nake gani!" Ya juya ga Sufeto, hawaye shaɓe-shaɓe. "Tun ina sha uku Abba ya koya min. Da na ci jarrabawa ya ba ni makulli, ya ce in riƙa kai kaina makaranta. Shi ya ce wa Baba ya amsa laifin, wai zai riƙe masa iyali."

Baba ya fashe da kuka. "A kafaɗata yaron nan ya girma, ranki ya daɗe. Yaya zan ga an rufe shi?"

"Da an rufe ka, Baba, wata mai zuwa sai a saya masa wata motar. Mijin wa kuma zai bi?"

Alhaji ya matso, ya sassauta murya. "'Yata, kin san da wa kike magana? Bari in kira shugabanku, a kashe maganar nan a cikin gida."

"Kira shi, Alhaji. Ka gaya masa akwai jaririn da za a haifa ba uba, ka ji ko zai kashe wannan."

Ta dafa kafaɗar Auta, a hankali, kamar ƙaninta.

"Ka faɗi gaskiya, kuma zan shaida wa alƙalin kotun yara haka. Amma sai ka tsaya a gabansa."

Sannan ta juya, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Saje, kwance wa Baba ankwar nan, ka sa wa Alhaji. Wanda ya tuƙa da wanda ya miƙa makulli, tare zan kai su kotu."