Duman Kan Katanga

A can da, wata mata ta shuka duma. Ya yi yaɗo, ya haye katanga, ya yi ɗa guda a rufin maƙwabciyarta.

"Saiwar tawa ce," in ji matar.

"Rufin nawa ne," in ji maƙwabciya.

Kan matar ya ɗaure: duma na saiwa ne, ko na rufi? Suka tsinko shi, sai gidan alƙali.

A hanya wani tsoho mai gyaran ƙorai ya ji rigimarsu, ya tambayi matar:

"'Yata, me za ki yi da shi?"

"Ƙwarya, baba."

"Ke fa?"

"Ƙwarya."

Ya sa zarto ya raba duman biyu, ya miƙa wa kowacce ƙwaryarta. Kan matar ya sake ɗaurewa.

"To baba, wa ya ci shari'ar?"

Tsoho ya ce, "Wa ya tafi hannu rabbana?"