Taurari Biyar da Numfashin Adnan

Ƙawata, matso kusa ki ji. Labarin wata yarinya ce a Damari, ƙasar Sabuwa. Ba zan faɗi sunanta ba. Aji shida take a firamare, kuma ita kaɗai ta iya karatun boko a gidansu.

Tana da ƙane, sunansa Adnan. Tun yana goye yake fama da ciwon asma. Idan damina ta kankama, Innarsu takan mayar da murhu ƙarƙashin rumfa, dab da tagar ɗaki. Itace a jiƙe, hayaƙi ya turnuƙe gidan. Sai ƙirjin Adnan ya dinga kuka kamar ɗan mage.

Yarinyar takan zauna ta riƙe hannunsa. Ba ta da abin yi masa sai sannu.

Wata rana Babansu ya miƙa mata wayarsa ta karanta masa saƙo, kamar yadda suka saba. Tana cikin dubawa sai ta ci karo da talla. Wata 'yar farar na'ura ce, wai ita mai tace iska, ana ce mata ayonik. An ce tana kama ƙura da hayaƙi ta zubar da su ƙasa. A ƙarƙashin hoton, waɗanda aka ce sun saya sun rubuta ra'ayinsu.

"Baba, duba nan. Kowa ya ba ta taurari biyar."

"Taurari kuma? Na mene ne?"

"Kamar makin jarrabawa ne. Biyar shi ne ƙarshen kyau."

Baba ya ajiye fartanyar da yake gyarawa. "To, mi suka ce?"

Ta karanta masa. Wannan ya ce na'urar ta canja masa rayuwa. Wancan ya ce babu kamarta a duniya. Yabo dai, jere har ƙasa.

"Duk cikinsu babu wanda ya kushe ta?"

Akwai. Can ƙasa wata mata ta ba da tauraro ɗaya tak. Ta ce na'urar tana fitar da wari, kuma tarin ɗanta ya ƙaru. Yarinyar ta karanta a zuci. Daga cikin ɗaki ta jiyo tarin Adnan. Tana so ƙwarai a ce maganin nan gaskiya ne. Sai ta sa babban yatsa ta ture rubutun matar.

"Babu, Baba."

Ranar kasuwa Baba ya ja tunkiyar Inna ya sayar. Ita kaɗai ce dabbar da ta rage musu. Inna ta ce, "Allah Ya sa a dace."

Mamuda direba ne ya kawo na'urar daga Kaduna. Aka jona ta da batirin sola, wata 'yar shuɗiyar fitila ta kama. Takardar cikin kwalin ta ce a rufe ƙofa da taga. Aka rufe taga ruf. Amma hayaƙin murhu bai daina shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ba, kuma yanzu ba shi da hanyar fita.

"Yaya, wari take yi," in ji Adnan.

"Warin tsafta ne. Ka yi ta shaƙa."

Kwanaki suka shuɗe. Adnan bai samu sauƙi ba. Ya daina fita wasa. Ko kunu aka ba shi, sai ya kurɓa kaɗan ya ture. Idanunsa suka faɗa. Inna takan tofa masa addu'a, ta shafa ƙirjinsa, ta fita tana share ido da gefen mayafi.

Yarinyar ta tuna rubutun matar nan. Ta so ta yi magana. Amma idan ta dubi turken tunkiya babu komai, sai ta fasa. Ta ce a ranta ƙila na'urar ba ta gama sabawa da ɗakin ba. Ta ƙara mata ƙarfi.

Ran nan bayan la'asar aka kece da ruwa. Adnan ya tashi zaune, ya buɗe baki, amma iska ta ƙi shiga. Leɓunansa suka sake launi. Ko kuka ya kasa.

Baba ya naɗe shi a bargo, ya ɗora shi gaban babur, ya nufi asibitin Sabuwa cikin ruwan nan. Hanyar kuwa taɓo ce da ramuka. Kuma kowa ya san idan rana ta faɗi, ba a bin ta saboda ɓarayin daji.

Gidan ya yi tsit. Inna ta shimfiɗa sallaya, ba ta sake ɗagowa ba. Yarinyar ta shiga ɗaki, ta zare wayar na'urar, ta buɗe taga. Ga tabarmar Adnan, ga 'yar motarsa ta kara a gefe. Ta zauna ta rungume motar. Ta roƙi Allah Ya ɗauki numfashinta Ya ba ƙanenta.

Gari ya waye babu labari. Inna ta ce ta tafi makaranta, zaman bai ƙara komai.

A aji ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Da aka fita tara, Malama Lauratu ta kira ta gindin darbejiya.

"Ke da ba kya rufe baki, yau ko tari ban ji ba. Lafiya?"

Sai hawaye. Ta gaya mata batun Adnan da na'urar. Malama ta ciro wayarta, suka nemo tallan.

"Karanta mani na farko. Yanzu na huɗu. Mi kika lura?"

Yarinyar ta duba da kyau. "Maganar iri ɗaya ce, Malama."

"Duba ranar da aka rubuta su."

"Duk rana ɗaya."

"A cikinsu wa ya faɗi tsawon lokacin da ya yi yana amfani da ita? Wa ya ce a wane irin ɗaki ya sa ta?"

"Babu."

"Wasu masu sayar da kaya sukan ɗauki mutane su rubuta musu yabo. Wani mai yabon ko ganin kayan bai taɓa yi ba. Wanda ya yi amfani da abu da gaske yakan faɗi inda ya ji daɗi, ya faɗi inda bai ji ba. Kin ga wannan matar ta ƙasa? Ta faɗi warin, ta faɗi abin da ya sami ɗanta. Irin nata ake fara nema a karanta."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Na ga nata, Malama. Baba ya tambaye ni, na ce babu."

Malama Lauratu ta mayar da wayarta. "Wannan kuma ba ni za ki gaya wa ba, ɗiyata."

Tana komawa gida ta hango babur a ƙofar zaure, ya sha taɓo. Ta tsaya tana sauraro, ko za ta ji kuka daga ciki. Sai ta ji wata siririyar murya.

"Inna, ina motata?"

Ta ruga ta rungume shi har ya ce tana matse shi.

Baba ya nuna musu maganin shaƙa da aka ba su. Ya ce ma'aikacin asibitin ya yi faɗa. Wai wasu irin na'urorin nan suna fitar da iska mai kartar ƙirji, balle ga mai asma, balle a ɗaki rufe da hayaƙi.

Yarinyar ta durƙusa. "Baba, akwai wadda ta kushe ta. Na gani. Na ɓoye maka."

Baba ya ajiye maganin shaƙar.

"Ni ban yi boko ba," ya ce a hankali. "Abin da kika karanta mani, shi ne abin da na gani. In kin tsallake layi ɗaya, ta ina zan sani?"

"Ka yafe mani, Baba."

"Na yafe. Ni ma da nawa laifin. Ko irin masara ba na saye sai na je gonar wanda ya shuka na ga goyonta da idona. Amma abin da ɗana zai shaƙa, ban tambayi likita ba."

Inna ta ce, "Allah Ya rufa mana asiri, tunda Ya bar mana shi. Tashi ki ɗebo ruwa, ki daina jiƙa mani zane da hawaye."

Washegari Baba ya kafa 'yar rumfa can ƙarshen gida, aka mayar da murhu. Yarinyar ce ta kwaso duwatsun da kanta. Tunkiya dai ba ta dawo ba. Amma kafin masara ta nuna, Adnan yana bin kaji da gudu a tsakar gida, Inna tana cewa ya bi a hankali, shi kuwa ko haki ba ya yi.

Darasin a fili yake, ƙawata. Yawan yabo a waya ba shaida ba ne. Ki duba ko maganar masu yabon iri ɗaya ce. Ki karanta na masu ƙorafi. Idan abu ya shafi lafiya, ki tambayi ma'aikacin lafiya. Kuma idan an amince miki ki karanta wa wani, ki karanta masa duka, har da abin da ba kya so.

Yarinyar har yanzu tana jin kunyar abin. In kin gane ko wace ce, don Allah kada ki gaya wa kowa.