Na Baya Ya Dawo Gaba

Ranar da Mas'udu ya fara ganin Nuha, ita ce ta ƙarshe a layi, kuma takalminta ne ya ja mata.

Marsa Zahra ƙaramin gari ne a bakin Bahar Maliya, inda masu hannu da shuni na Alkahira ke zuwa shan iska. Gidaje farare tas, ƙofofi shuɗɗa, jiragen ruwa a jere sai sheƙi suke yi. Shi Mas'udu ɗan Damagaram ne, ɗalibi a Alkahira, ɗakinsa na unguwar Hay el-Sabi'. Idan hutu ya zo sai ya sauko nan ya kama aikin jagora. Kullum da safe zai kwashi baƙi a ƙafa, daga tashar jiragen ruwa zuwa tsohuwar kasuwar masunta, har hasumiyar fitila, yana zuba musu labari da Larabci da Faransanci.

Doka ɗaya gare shi, ko ofishinsu ya gaji da yi masa magana a kanta. Duk wanda ya fi kowa rashin sauri, shi zai dawo gaba kusa da shi, sauran su bi takunsa.

To, a safiyar nan ƙawayen wata amarya ya kwaso, 'yan gayu, sai ƙamshi. Can baya ga wata doguwa cikin laffaya ruwan ɗorawa tana ɗingishi. Ya koma wajenta, ya kalli ƙafarta, ganin 'yar Sudan ce sai ya saki baki da Hausa ƙasa-ƙasa.

"Ikon Allah! Wa ya aike ki yawon ƙafa da takalmi mai tsini?"

"Wanda ya aike ka gulmar mutane da Hausa," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

Saura kaɗan ƙaramar tutar da ke hannunsa ta faɗi. Kunya ta rufe shi, ya shiga ba da haƙuri da harsuna uku. Ita kuwa ta yi ta dariya har haƙorinta na Makka ya bayyana.

"Kakannina a ƙafa suka taso daga Katsina za su hajji, suka zauna a Sudan," ta ce. "Don haka kada ka raina min tafiya, malam."

"Ban raina ba. Amma doka ce, ki dawo gaba."

Suka jera. Kafin su kai hasumiya ya san mai lalle ce, daga unguwar Ard al-Liwa ta Alkahira aka ɗauko ta don ta yi wa amarya. A ranar ya ɓata tarihin garin sau biyu, ya nuna wa baƙi shagon kayan sanyi ya ce gidan shugaban masunta ne. Da za a watse ya nemi lambarta, wai don ya ji yadda ƙafar ta kwana.

Wata takwas ƙafar nan tana kwana. Ya sa mata suna Ta Gaba, ita kuma Jagora take ce masa, kullum suna musayar saƙo ta waya.

"Ta Gaba, yau malaminmu ya yi awa biyu yana bayani, ni kuwa ban ji komai ba sai dariyarki. Idan na faɗi jarrabawa, ke zan kai ƙara."

"Ma'alish, yi haƙuri, Jagora. Ni ma na zana wa wata amarya fure ɗaya sau biyu a tafin hannu. Ka yi karatu don Allah, ba na son miji daƙiƙi."

Ya karanta kalmar miji ya fi sau goma, yana murmushi shi kaɗai a cikin bas kamar wanda ya zautu.

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Alhaji Hamad, sai ta tsaya cak. Dattijo ne mai kafiya, ko hoto ba ya yarda a ɗauke shi. Ya ce karatun yaron ya ji, asalinsa ya ji, amma sana'ar fa? Mutum ya tashi da sassafe ya sa Turawa marasa sutura a gaba yana yawo da su a bakin ruwa, a kira wannan aiki? Bai ma yarda Mas'udu ya zo gaisuwa ba.

Ga kuma Tarig, ɗan aminin Alhaji, mai shagon turare a kasuwar Ataba, wanda ya daɗe yana zagaya gidan saboda Nuha. Shi ya je shafin kamfanin yawon ya tono wani hoto, ya datse shi, ya kai wa Alhaji. Mas'udu ne a ciki yana dariya, hannun wata Baturiya saƙale da nasa, an yanke fuskarta.

Kwana uku Nuha ba ta ɗaga wayarsa ba. A na huɗu hoton ya shigo, da layi ɗaya a ƙarƙashi.

"Ita ma gaba ka kawo ta?"

Nan take ya nemo hoton na asali ya tura mata. Wata tsohuwa ce tukuf, gashi fari fat, yana taimaka mata ta sauko daga matakala.

"Shekararta tamanin da ɗaya, habibti, masoyiyata. Ta ce in aure ta, na ce an riga ta."

"Allah Ya shirye ka. Na yi kuka a banza, har idona ya kumbura. Amma Jagora, Baba ya ƙi kallon wannan. Ya ce mutanen Tarig su zo bayan Babbar Sallah. Saura mako uku. Wallahi ina jin tsoro."

Mas'udu ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya tura dattawan 'yan Nijar biyu, aka ba su shayi aka sallame su. Hutu ya zo, dole ya koma Marsa Zahra, yana nuna wa mutane teku alhali zuciyarsa na Ard al-Liwa.

Saura kwana tara Sallah, ya fito da safe ya tarar da baƙinsa goma sha ɗaya. Cikinsu akwai wani dattijo ɗan Sudan, farar jallabiya, babban rawani, da sanda. Fuskar nan a murtuke kamar an yi masa dole.

Ba a yi nisa ba aka bar dattijon a baya, yana jan ƙafar hagu. Mas'udu ya koma ya rusuna, ya ce da Larabci, "Ya Hajj, bismillah, ka dawo gaba."

"Ka wuce abinka. Ban ce ka jira ni ba."

"Doka ce, ya Hajj."

Da ƙyar ya yarda. Tafiya ta koma ta hawainiya. Ya miƙa masa ruwa, ya ƙi. Ya ba shi hannu a kan tudu, ya ture. A kasuwar masunta ya aro masa kujera, dattijon ya tsaya ƙiƙam a gefenta kamar an zage shi.

Wani attajiri mai baƙin gilashi ya fara duba agogo yana tsaki. Can ya fashe.

"Yalla, mu tafi mana! Jirgina zai tashi ƙarfe sha ɗaya. Ka bar shi ya huta a nan, ka kai mu hasumiya, in ba haka ba yanzu zan kira ofishinku."

Mas'udu ya san an riga an ja masa kunne sau biyu a ofis. Amma ya ciro taswira ya miƙa masa cikin ladabi.

"Ga hanya nan, ranka ya daɗe, miƙe take. Ni dai mutum goma sha ɗaya na ɗauko, kuma ba na isa da goma."

Mutumin ya fizge taswirar ya yi gaba yana danna waya. Huɗu suka bi shi. Sauran suka daure har gindin hasumiya, suka haye sama ɗaukar hoto. Dattijon ya kalli matakalar nan arba'in, ya gyara riƙon sanda, ya ce shi ma sai ya hau. Rana ta take, gumi ya jiƙa Mas'udu sharkaf. Ya tsaya a bayansa, hannu a buɗe ko zai zame, ya yi ajiyar zuciya da Hausa.

"Kai, Baba! Allah Ya yi taurin kai a nan. To hau, ko za mu kai la'asar ba inda za ni in bar ka."

Dattijon ya tsaya a matakala ta uku. Ya juyo a hankali.

"Nawa taurin kan ya fi, ko na 'yata?"

Da Hausa, tsantsa! Mas'udu ya ɗaga kai. Ya kalli goshin, ya kalli hancin, ga Nuha nan sak. Ya zube a ƙasa.

"Innalillahi! Baba, ka yafe ni, wallahi ban sani ba..."

"Da ka sani ai da ban ga komai ba. Tashi ka ba ni ruwan nan, maƙogwarona ya bushe tun ɗazu."

Suka zauna a kan matakala. Alhaji Hamad ya shanye ruwan tas, ya ce uwar Nuha ce ta hana shi sakat, wai ba a yanke wa mutum hukunci da rabin hoto. Shi kuwa ya hau bas awa biyar ne don ya kama shi dumu-dumu, ya koma ya rufe bakin kowa. Sai ya dafa gwiwarsa ta hagu.

"Ka san inda na samo wannan? Da faɗa ya ɓarke a Khartum, a ƙafa muka fita, mu wajen talatin, duk maƙwabta. Na faɗi a rami. Mutanen da muka yi shekara ashirin muna sallah sahu ɗaya suka ce za su jira mu a gaba. Ba su jira ba. Nuha da uwarta ne suka saɓa ni, kwana biyu." Ya kalli teku. "Ban riƙe su a zuciya ba, tsoro ne. Amma tun ranar na yi alkawari, ba zan ba wa mai sauri 'yata ba."

Mas'udu bai san hawaye na zubo masa ba sai da ya ji gishirinsu a baki.

"Ka turo manyanka kafin Sallah," Alhaji ya ce, yana miƙo masa hannu. "Yanzu kama ni. Na biya kuɗin hasumiya, sai na ga samanta."

Daga can sama, iska na kaɗa rawanin surukinsa, Mas'udu ya rubuta mata.

"Ta Gaba, na sake yin gulma da Hausa."

"Na shiga uku! Wa kuma?"

"Baba. Ya ce in gaya miki taurin kanki ya fi nasa. Ya kuma ce ki fara haɗa lalle."

Ofis sun dakatar da shi mako guda. Ko a jikinsa, ya ce dama yana bukatar lokacin ɗinkin kayan biki. Tarig kuwa kunya ta hana shi zuwa biki, sai kwalbar turare ya aiko, Nuha ta ce ko ba komai ƙamshin na da kyau.

Ranar Juma'a ta uku bayan Sallah aka ɗaura aure a Ard al-Liwa. 'Yan Nijar da manyan riguna, 'yan Sudan da rawuna, suka cika lungu za su masallaci. Samari suka fara sauri, sai ango ya ɗaga hannu, kowa ya ja birki. Ya koma can baya ya kamo hannun Alhaji Hamad ya kawo shi gaba. Tafiyar minti biyar ta ci rabin awa, masu keken tuktuk na ta hon, mata na guɗa daga saman bene. A taga ta uku amarya na leƙe, lalle har gwiwar hannu, tana dariya tana share ido.

A ƙofar masallaci dattijon ya ɗora hannu a kan angon.

"Na ba ka ita. Yadda ka jira ni, Allah Ya ba ku 'ya'yan da za su jira ku. Allah Ya sa ku isa tare."

Lungun gaba ɗaya ya amsa da amin.