Kaset ɗin Yaya Sale

"Wato har da kai, Ɗantani? Har da kai a masu ɓoye mini?"

Ko kafe babur ɗinsa bai gama yi ba na tare shi a bakin zaurenmu. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya shiga goge madubin babur ɗin da ko ƙura babu a jikinsa.

"Suwaiba, ko gaisawa ba ma yi ba?"

"Gaisuwar ta jira! Fim ɗin da Yaya Sale ya fito a ciki ya shigo, an nuna shi a gidan kallonka na Kwanar Dangora, ni ƙanwarsa sai a bakin Furera zan ji?"

"Ba wani fim ba ne, abar ƙaunata. Shirme ne kawai..."

Shirme! Tun safe nake jin kalmar nan har ta ishe ni. Furera maƙwabciyarmu ta ce mijinta Dikko ya gani, wai murya kamar ana magana a cikin tulu, hoto kuma sai rawa yake yi. Wani direban Ƙafin Maiyaki ya rantse gara ya zauna yana kallon bango. Mai shayin tasha ya ce duk wanda yake ƙaunar idonsa kada ya je.

Ni kuwa na san mutanenmu na Bebeji. Fim ɗin Indiya da ba su jin ko kalma ɗaya, sai su ba ka labarinsa tun daga farko, har waƙar su rera maka da muryar da za ta kori kaji. Amma wannan, da mutum ya fara kushe shi sai ya tsaya a tsakiyar magana ya kau da kai. Wannan shirun ne ya tayar mini da tsigar jiki.

Yaya Sale shi ne babban wana, kuma shi kaɗai ne namiji a ɗakin Inna. Wasu 'yan wasan kwaikwayo ne suka zo daga Kano ɗaukar fim a wajen madatsar ruwa ta Tiga, Ɗantani da yake amininsa ya kai shi aka sa shi a ciki. Ba a jima ba Yaya ya shiga kwalekwale da masunta, iska ta kifar da su. An tsamo sauran. Shi kuwa hularsa kawai ruwa ya dawo mana da ita.

Inna ta ƙi zaman makoki. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ta ba shi ruwa ta ce, "Sale ai tafiya ya yi." Da magabatan Ɗantani suka zo neman aurena, ba ta kore su ba. Cewa ta yi, "Ban hana ba. Amma ba a biki a gidan nan sai Sale ya dawo, shi zai kai ƙanwarsa ɗaki." Kawunnaina sun ce a ɗaura kawai, ni na ƙi. Ina son Ɗantani kamar raina, amma ba zan fita daga gidanmu uwata tana kallona a matsayin wadda ta binne ɗanta ba.

"Ka faɗa mini gaskiya," na ce. "Me Yaya ya fito a ciki?"

Ya daina goge madubin.

"Gawa."

"Me?"

"Gawa ya fito, Suwaiba. An sa masa likkafani, an sallace shi, an ɗauke shi a makara. Lokacin dariya muka yi ta yi masa... Wallahi da na saka kaset ɗin na ga an kwantar da shi, ficewa na yi na zauna wurin janareta har aka tashi. Ban iya kallo ba."

Na jingina da bango. Can sai wani tunani ya faɗo mini.

"Ɗantani, Inna ba ta ga gawarsa ba. Abin da ya hana ta yarda ke nan. In ta ga an sallace shi, ko da a wasa ne..."

"A'a! Kowa ya ce kada a kalla."

"Kowa ya ce ba daɗi. Ni daɗi na ce maka ina nema?"

"Suwaiba, ina jin tsoro."

"Ni ma ina ji. Amma na fi tsoron mu tsufa a zauren nan, kai a kan benci ni a kan tabarma."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Na san ba ya iya musu da ni, kuma da wannan na yi amfani.

Washegari bayan azahar ya zo da talabijin ɗaure a bayan babur, da na'urar bidiyo, da ƙaramin janareta. Ban sha wuyar shawo kan Inna ba. Da ta ji sunan Sale sai ta ce, "A kawo," ta je ta sauya zani ta shafa kwalli kamar mai jiran baƙo.

Muka rufe tagar ɗakinta da bargo. Waje rana tsaka, ciki duhu.

Mutane ba su yi ƙarya ba, fim ɗin shirme ne. Hoton ya yi ta tsalle, maganar ba ta fita, wani mai rake ya yi ta giftawa a bayan masu kuka yana leƙe. Inna ba ta ko motsa ba.

Sai ga shi.

Yana kwance a kan tabarma, an lulluɓe shi da fari har wuya, fuskarsa a buɗe. Tabon nan na gefen girarsa, inda ya faɗo daga bishiyar mangwaro muna yara, yana nan. Na toshe bakina da mayafi. Ɗantani ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa.

Inna ta matsa gaba da jan gindi har hasken akwatin ya rufe mata fuska.

"Ɗantani," ta ce a hankali, "mayar da shi baya."

Ya mayar.

"Ƙara."

A karo na uku ne na ga abin da take gani. Likkafanin yana ɗagawa a daidai ƙirjinsa, yana sauka. Yana ɗagawa, yana sauka. Wani ƙuda ya sauka a hancinsa, sai Yaya ya ɗan yamutsa fuska, leɓensa ya motsa irin na mai danne dariya.

Nan na gane abin da mutanen gari suka kasa faɗa. Wannan ne shirmen da suka gani, gawa mai numfashi. Da a wani fim ne daban, da sun yi wata guda suna shewa a tasha. Amma Sale nasu ne, kuma kowa yana jin nauyinmu, sai suka tsaya a kan murya da hoto.

"Kun gani?" in ji Inna. Muryarta ta fito fes, irin wadda rabon da in ji tun kafin ruwa ya ci Yaya. "Kun gani ko? Yana numfashi!"

"Inna, wasa ne... tun kafin abin ya faru aka ɗauka..."

Ba ta ji ni ba. A cikin akwatin an ja farin an rufe masa fuska, an yi sahu, an ɗaga makara an nufi bayan gari. Inna ta miƙe tsaye ta dafa gilashin da hannu biyu.

"Ku tsaya! Kai bayin Allah, ku tsaya, da ransa!"

"Kashe, Ɗantani!" na ce da ƙarfi. "Kashe!"

Ya fizge waya, ɗakin ya yi baƙi ƙirin. Janareta kaɗai ke kuka a tsakar gida. A cikin duhun nan na ji Inna tana dariya ƙasa-ƙasa, gashin jikina duk ya miƙe.

Da na yaye bargon taga sai na ga hawaye sharkaf a fuskarta, tana murmushi. Ta kama hannun Ɗantani, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kowa yana mini kallon mahaukaciya, kai ka kawo mini shaida. Ku ƙara haƙuri kaɗan, ka ji? Yana nan tafe. Ranar da ya shigo, a ranar za a sa muku rana."

Ta karɓi kaset ɗin ta ƙulle a gefen zaninta.

A zaure Ɗantani ya yi ta ɗaure talabijin, igiyar tana kuɓuce masa. Ni kuwa kuka nake yi mai cin rai, irin wanda ba ya fita da sauti.

"Ɗantani, ka ji abin da ta ce. Ba zan iya barin ta haka ba, yanzu ma na fi rashin iyawa. Idan ka gaji, don Allah kada ka ji nauyina. Ka je ka yi aurenka, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ya ɗago, idanunsa jajur.

"In je ina, Suwaiba? Ke kaɗai nake so. Kuma ni na kai shi ya kwanta a cikin likkafanin nan. In jira za a yi, tare za mu yi."

"Har yaushe?"

Daga cikin gida muryar Inna ta taso, cike da murna.

"Suwaiba! Bar zancen nan haka, zo ki share ɗakin yayanki. Kada ya tarar da shi da ƙura."