Yashin da Na Share

"Raliya... me kika yi?"

Na ɗago kai, tafin hannuna cike da yashi da busasshiyar ciyawar teku. Moutari na tsaye a bakin kwarin, iska na kaɗa rigarsa, fuskarsa ta sauya kamar wanda aka kawo wa saƙon mutuwa.

"Wuri na gyara maka, chéri. Ka ce kar in taɓa ƙwallon, kuma wallahi ban taɓa ta ba!"

"Kin taɓa yashin."

"To, yashi fa?"

Ya runtse ido.

"Bugu biyu ke nan za a ƙara mini."

Jakar sandunan ta zame daga kafaɗata. Ban san wasan golf ba, amma na san lissafin wannan ranar kamar sunana. Ramuka goma sha takwas ne, kuma dole ya gama su da bugu saba'in da shida ko ƙasa da haka. In ya yi, za a ɗauke shi makarantar masu koyar da wasan, kulob ɗin da yake wa aiki ya ba shi kwantiragi, a sabunta masa takardar zama a Faransa. In ya kawo takardar cin wannan gwajin, mahaifina ya ce zai karɓi goronsa.

Muna rami na goma sha bakwai.

A Lyon na san shi, shekara biyu kafin nan, ranar sallar layya ta 1984, a taron ɗaliban Nijar. Ni ina karatun haɗa magunguna. Shi kuwa an yanke masa tallafin karatu, ya koma yankan ciyawa da ɗaukar wa Turawa jaka a wani filin golf da ke bayan gari. Da yamma in masu kuɗin sun watse, sai ya ari tsofaffin sanduna ya yi ta bugu shi kaɗai, har ya fi waɗanda yake bi a baya.

Mahaifina, Alhaji Chaibou, mutumin Damagaram ne, yana da kantin yaduka kusa da Porte de la Chapelle a Paris. Ranar da na faɗa masa, bai ko ajiye kofin shayinsa ba.

"Ɗiyar Chaibou ta auri yaron jakar Nasara? Mi zan hwaɗa wa mutane a masallaci?"

"Ka ce musu yana aiki da hannunsa, Baba."

"Lakkwal, makarantar Nasaran nan, ta sa bakinki ya yi tsawo."

Abdourahamane, ɗan wan mahaifina, wanda ke riƙe masa kanti kuma yake sona tun muna yara, shi ya kawo shawarar sharaɗin. Ya binciko cewa cikin mutum arba'in da ke shiga gwajin, da ƙyar biyar ke tsallakewa.

"Kar ka hana, Baba," ya ce da murmushinsa mai sanyi. "Ya kawo difloma kawai. Ai adalci ke nan."

Don in nuna musu ba na jin kunyar aikinsa, na rantse ni zan ɗaukar masa jaka ranar gwajin. Moutari ya yi ta hana ni, na ƙi ji. Ni ce mai yawan cewa mutanenmu sun cika tsoron bakin duniya. Ni ce mai wa'azi a taron ɗalibai.

Filin gwajin yana can arewacin Faransa, a gaɓar teku. Babu itace ko ɗaya, sai tuddan yashi masu doguwar ciyawa, da iska mai gishiri da ke ture ƙwallo daga hanyarta. 'Yan Faransar sun yi ta tsaki tun safe. Moutari kuwa dariya yake.

"Gure ce wannan, masoyiya! Garinmu ne aka zuba wa ruwa a gefe."

Yana buga ƙwallon ƙasa-ƙasa, ta bi ƙarƙashin iskar, ta yi tsalle a kan tuddan ta gangara inda yake so. Ban taɓa ganin mutum ya yi kyau kamar yadda ya yi mini a wannan safiyar ba.

Sai a rami na goma sha bakwai ƙwallon ta faɗa wani kwarin yashi mai zurfi. Na riga shi isa. Na ga ciyawa da ɓawon katantanwa barbaje a inda zai tsaya. Ban yi tunani ba. Tun ina 'yar shekara shida, in mahaifina zai shimfiɗa darduma, ni ke durƙusawa in share wurin da tafin hannu. Haka hannuna ya yi da kansa.

A dokarsu, mai wasa ko mai riƙe masa jaka ba ya taɓa komai cikin kwarin kafin a buga.

Na waiga. Dattijon Bafaranshen da ke rubuta bugun Moutari yana can bayan tudu, yana taya wani neman ƙwallo.

"Bai gani ba," na ce a hankali.

"Na gani."

"Moutari, don Allah... babu wanda ya gani! Ba ta amfane ka da komai ba. Ciyawa ce kawai!"

"Ni zan sa hannu a takardar, Raliya."

"Aurenmu ne fa! Zamanka ne a ƙasar nan! Su waɗannan da suka yi dokar, ka san sau nawa suka yi maka kallon banza?"

"Na sani. Shekara uku ina bin bayansu. Na ga wanda ke tura ƙwallo da ƙafa in ya zaci ba a kallo, ni kuma in sunkuyar da kai don abincina. Na ce ranar da na riƙe sanda ba zan zama shi ba."

Na kama hannun rigarsa, hawaye na zuba.

"Yau kaɗai, hasken idona. Sau ɗaya tak, saboda ni."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya zare hannuna a hankali, ya sauka kwarin, ya buga ƙwallon ta tashi ta tsaya dab da ramin. Ya hau tudun ya kira dattijon.

"Monsieur! A ƙara mini biyu."

Ya gama da saba'in da bakwai.

Dattijon ya cire hularsa ya gaisa da shi, ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Ni kuwa na zauna a kan yashin na yi kuka har muryata ta dishe.

Washegari bayan la'asar na zayyana wa mahaifina komai. Na zaci mutumin da kullum yake mana huɗuba kan amana zai girgiza.

"Babu wanda ya gan shi?"

"Babu, Baba."

"Shi ya kai ƙarar kansa?"

"Shi."

Abdourahamane ya fashe da dariya. "Wannan in ya buɗe kanti, ai shi zai kirawo 'yan duwan masu karɓar haraji da kansa!"

"Wawa ne," in ji mahaifina. "Mutumin da bai iya rufa wa kansa asiri ba, ta yaya zai rufa wa iyali? Allah bai ƙaddara ba, ɗiyata. Ki yi haƙuri."

"Kar ka ɗora wa Allah, Baba! Ku kuka sa sharaɗin. Da ya yi ƙarya, da yau kana raba goro. Wannan shi ne adalcin naku?"

"Raliatou!" mahaifiyata ta daka mini tsawa daga kicin.

Na fita na buga ƙofa, ina jin kaina jaruma.

Takardar Moutari saura mako biyu ta ƙare, gwajin kuma sai baɗi. Ya koma wani masaukin baƙi a Sevran, kusa da Paris, wurin wani dattijo ɗan garinsu, Malam Hudu. Na yi ta yawo har na samo mafita irin wadda kowa ke yi: wani Daouda ya koma gida, za a iya ba Moutari takardunsa ya yi dako a kasuwar Rungis da sunansa, kafin shekara ta zagayo.

A Paris, a tashar jirgin ƙasa mai zuwa Lyon, na faɗa masa, da tsakar rana, ya rako ni zan koma karatu.

"Shekara ɗaya ce kawai, chéri. Kowa haka yake yi."

Ya yi murmushi mai ciwo.

"In aka zo ɗaurin aure, wa za ki aura? Ni ko Daouda?"

"Ba wasa nake ba!"

"Ni ma. Gida zan koma, Raliya. Akwai lopital a Yamai, akwai a Damagaram, suna neman masu ilimin magani. Ki gama karatunki, shekara ɗaya da rabi ce. Zan jira. Ki ce mini kawai za ki zo."

A Paris aka haife ni. Sau biyu na taɓa zuwa Nijar, duka biyun na dawo da zazzaɓi. Na tuna fuskar mahaifiyata. Na tuna bakin matan unguwa. Na tuna ɗan ɗakina mai ɗumi a Lyon.

Ni mai dogon baki, na buɗe shi, babu abin da ya fito.

"Raliya?"

"Ka... ka bari in yi tunani."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗora mini akwatina cikin jirgin, ya gyara mini gyale a kafaɗa.

"Allah ya kai ki lafiya, masoyiya."

Kwana tara na yi ina tunanin. Kwana tara ina zagin Abdourahamane, ina zagin dokokin Turawa, ina zagin kowa. A na goman na tashi daga tsakiyar darasi, na ruga wurin talho na bakin titi, na kira masaukin Sevran.

"Malam, ina wuni? Raliatou ce. Don Allah a kira mini Moutari. Ka ce masa zan zo! Ka ce masa na ce eh!"

Malam Hudu ne ya amsa.

"Ɗiyata... shekaranjiya ya tashi. Kullum nan yake zama kusa da talhon, tun daga safe."

Na jingina da gilashin ɗakin talhon.

"Ya bar adireshi?"

"Bai bari ba. Saƙo dai ya bari. Ya ce in kin kira, in hwaɗa miki bai taɓa jin haushin yashin nan ba, ko na minti guda."

"Sai mi kuma?"

"Shi ke nan abin da ya ce."

"Malam, ka tuna da kyau... bai ce komai a kan sauran ba?"

"Na tambaye shi, ɗiyata. Ya ɗauki jakarsa."