Nonon Tsibirin Rodos

A bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa ta tsibirin Rodos, can ƙasar Girka, Zinariya ta fara jin muryarsa a shekarar 1983.

"A'uzubillahi, wannan ai ba nono ba ne."

Ta waiwayo daga shagon da take duba gyale. Tun daga garin Greensboro na Amurka, inda take zaune, suke ayari ɗaya na yawon buɗe ido a jirgin ruwa, tana ɗaukarsa Ba'amurke, ashe Bahaushe ne. Yana tsaye a gindin ganuwar dutse kusa da goggonta, yana tofar da yawu. Wani mai shago ne ke miƙa wa baƙi uzo, giyar ƙasar, wadda ke komawa fara fat in an zuba mata ruwa.

"Malam, wa ya ce maka akwai ruga a tsakiyar teku?" ta ce tana dariya.

"Kewar gida ce ta rufe min ido. Sunana Garzali."

Goggo Kubura, yayar mahaifinta, ta ce su koma jirgi, kanta na juyawa. Mai hoton jirgin ya riga ya ɗauki Garzali da kofi a baki, Zinariya ta saya ta adana.

Da suka dawo, soyayya ta kankama. Garzali ɗalibin aikin gona ne da ke zaune a unguwar Glenwood, a keke yake zuwa zance unguwar Sedgefield, gidan Alhaji Dabo, mahaifinta. Ranar da bai zo ba, ya buga waya.

"Zinariyata, yau littafi ya ƙi karantuwa, ke nake gani a kowane shafi."

"Ka yi karatu, Bafillatanina, kar ka faɗi jarrabawa ka ce ni ce."

Sai Sirajo, dillalin motoci a titin High Point, wanda ya daɗe yana nemanta, ya ga hoton a falo. Ya kai wa Alhaji, ya ce giya ce.

"Ba zan ba mashayi 'yata ba," Alhaji ya ce, ya hana Garzali gidan.

Abin haushin, Sirajon da ya gane uzo da kallo ɗaya, ba wanda ya tambaye shi inda ya san shi. Mutumin da bai ko haɗiye ba shi aka shafa wa baƙin fenti.

Zinariya ta yi kuka har ta gaji, ta samu goggonta rai a ɓace.

"Goggo, kina wajen. Kina ji ana yi masa ƙazafi kin yi gum?"

Goggo ta kau da kai, ta ja carbinta.

Ranar Lahadi Garzali ya zo duk da haka, ya tarar da su duka a falo har da Sirajo, ya durƙusa gaban Alhaji ya rantse bai haɗiye ba.

"Wa zai shaide ka, ban da yarinyar da so ya rufe wa ido?"

Garzali ya saci kallon Goggo, ya sunkuyar da kai.

"Ba kowa, Baba."

Goggo ta ajiye carbin.

"Dabo, in kurɓa ɗaya ce ke hana aure, ni za ka fara kora. Na shanye nawa tas, na ɗauka nonon Turawa ne mai kayan ƙamshi, har na miƙa hannu a ƙaro. Yaron nan ne ya janye kofin. Ya gwammace ya rasa mata da ya tona asirin tsohuwa."

Zinariya ta juya ga Sirajo.

"Kai kuma a ina ka san uzo?"

Sirajo ya tuna yana da mai sayen mota, ya fice. Alhaji ya kama hannun Garzali ya ɗaga shi.

"Ka yafe min, ɗana. Na ba ka."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura auren. Da aka kawo fura da nono, ango ya shinshina kafin ya sha, Goggo ma haka, amarya tana dariya har da hawaye. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.